Yaya Haladu Ya Ce Da Sauƙi

Wata huɗu ke nan da rasuwar yayana Haladu, kuma har yau idan aka tambaye ni abin da ya yi ajalinsa sai in ce haƙori, don ita ce amsar da ta fi gajarta. Wasu su ce, "Haƙori kuma?" su yi salati. Wasu su tsaya suna kallona kamar na rage wani abu ban faɗa ba. To, na rage ɗin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko wani mai yaya irin nawa zai karanta tun da sauran lokaci. Gara in faɗa tun yanzu, ba na jin komai yayin da nake rubutun nan, kada wani ya shigo neman kuka.

Sunana Nasiru. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ya ba ni shekara tara. Gonakinmu suna jere a bakin kanal ɗin ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure, tumatir da rani, shinkafa da damina. Duk wanda ke noma a wannan layin ya san Haladu. Idan ciyawa ta toshe ƙofar ruwa, shi ake kira ya nutse ya buɗe. Idan maciji ya shiga rumbu, shi ake kira. Ya taɓa sare ƙafarsa da fartanya, ya yage gefen rigarsa ya ɗaure, sai da ya gama aikin da ya faro sannan ya tafi aka ɗinke.

Amma akwai wani labari da ake yi a gidanmu ana dariya. Yana ɗan shekara goma sha biyu haƙori ya dame shi, Baba ya kira wanzami. Maza uku suka danne shi a zaure, wanzami ya sa awartaki. Haƙorin ya karye, aka sake kamawa, ya sake karyewa. Haladu ya yi fitsari a wando, sa'o'insa kuwa suna ƙofar zaure suna leƙe. Ni ban yi wayo ba a lokacin, tasowa na yi na tarar da labarin, duk taron suna ko na salla sai an tayar da shi. Shi ma tare da shi ake dariyar, har ya fi kowa ƙara gishiri. Shekara arba'in bai sake bari wani ya leƙa bakinsa ba, mu kuwa babu wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan.

Makon farko ƙamshin kanumfari ne ya tona shi. Muna cin ɗumame a gindin mangwaron gona, na ga yana karkatar da kai yana tauna da ɓangare ɗaya.

"Yaya, amarya za a yi mana ne? Sai ƙamshi kake."

"Ɗan haƙorin turmi ne na ƙasa yake taɓa ni," in ji shi. "Da sauƙi."

Na bar maganar a nan. Tumatir ya fara nuna, ban ruwa kuma ranarmu ce, wa ke da lokacin haƙori.

A mako na biyu kuncinsa na hagu ya tasa. Nan fa masu magani suka fito, don a garinmu babu wanda bai karanci haƙori ba. Inna ta ce ruwan ɗumi da gishiri. Matarsa Talatu ta daka masa jar kanwa. Kawu Isa, ƙanin Inna, wanda babu cutar da bai taɓa warkar da wani mutumin Kadawa daga ita ba, ya zo da kansa ya ce tsutsa ce a ciki, a ɗiga mata ruwan batir ta mutu. Wallahi sai da aka ɗiga. Dasashin ya yi fari ya saɓule, tsutsar Kawu kuwa ko gezau. Daga nan Yaya ya koma wa ƙwayoyin kemis. Da fari biyu yake sha da safe, kafin mako ya fita huɗu yake watsawa lokaci guda, ya kora da ruwan kanal. Na ce masa mu je asibiti. Ya ce bari a gama tsinkar farko. Aka gama, ya ce bari dillalai su kwashe.

Ran nan dai na tare shi a bakin hanya da babur, na ce ko ya hau ko in je in gaya wa Inna bai ci abinci ba kwana biyu. Ya hau.

Asibitin gwamnati ne mafi kusa da mu da ke da likitan haƙori, ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi na zo tuhuma ba. Mun yanki kati da hantsi, muka zauna a benci cikin layi. Ɗakin likitan yana da taga a buɗe, ana jiyo ƙarar wani ɗan inji mai tsiwa kamar na masu gyaran agogo. Duk sanda ya tashi sai in ji bencin yana rawa. Na duba, ashe ƙafar Yaya ce. Ya tashi ya zaga bayi sau uku kafin azahar. Rigarsa ta jiƙe sharkaf har ta manne a bayansa, tafin hannunsa kuwa da na taɓa sanyi ƙalau.

"Zazzaɓi ne yake son kama ka?"

"Ƙila."

Da layi ya zo kanmu nas ta ɗaura masa abin awo a hannu. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce jininsa ya hau sosai, likita ba za ta taɓa shi a haka ba, tun yaushe yake da hawan jini? Na ce mutumin nan bai taɓa yi ba. Ta yi mini kallon da ake yi wa ɗan ƙauye, ta rubuta magani, ta ce mu dawo bayan kwana huɗu. Muna fita daga ƙofar asibitin gumin ya tsaya. A hanya har tsayawa ya sa na yi ya sayi rake, ko da yake ba ya iya sha. Washegari mai kemis ɗin garinmu ya auna shi, ya ce jininsa lafiya lau, ya fi nawa kyau. Muka yi ta zagin abin awon asibiti, muka ce ya lalace.

Bayan kwana huɗu muka koma. Gumin ya dawo tun daga bakin ƙofa, amma da maganin da ya sha awon ya sauka kaɗan, aka ce mu shiga.

Likitar yarinya ce 'yar bautar ƙasa, daga kudu aka turo ta. Tana da fara'a da ladabi, har ɗan rusunawa ta yi ta ce, "Sannu Baba." Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da 'yan kalmomin aiki ba, kuma ka ga tana jin daɗin amfani da su. Nas ɗin ta fita kiran wani, aka bar ni a tsaye a gefe in yi tafinta idan an buƙata. Yaya ya kwanta a kujerar nan mai komawa baya. Aka kunna fitila a fuskarsa. Ta yi masa allurar kashe zafi a dasashi, ta jira 'yan mintoci, sannan ta ɗauki wani ƙarfe ta danna wurin.

"Baba, akwai zafi?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Ta yi murmushi, don wannan kalmar ta san ta. Ta maimaita ta da Turanci, wai ya ce ya ji dama. Ta sake dannawa da ƙarfi.

"Zafi?"

"Da sauƙi."

A nan ne abin da na rage yake. Duk Bahaushe ya san da sauƙi ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Mutum yana kan gargara za ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Ita an koya mata kalmar da ma'anarta ta littafi, babu wanda ya gaya mata cewa mu da ita muke rufe baki. Ni kuwa na sani. Ina tsaye ina kallon yatsun ƙafarsa sun naɗe cikin silifa, ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa, hannayensa sun damƙe hannun kujera har sun yi fari. Ta ɗago ta dube ni, tana neman in tabbatar mata. Turancina na sakandare ya isa in ce mata allurar ba ta kama ba. Amma sai na ga kamar in na faɗa, na ce wa baƙuwa, mace, sa'ar 'yarsa, yayana tsoro yake ji, a gabansa. Na gyaɗa mata kai.

Ta sa abin cirewa ta kama.

Bai yi ƙara ba. Wani gurnani kawai ya fito ta hancinsa, dugadugansa suna dukan kujera. Ta tsaya ta ce, "Baba?" Ya ɗaga mata hannu wai ta ci gaba. Na ji ƙas, kan haƙorin ya taho, saiwar ta zauna a ciki. Sai na ga idonsa ya juye, hannun ya saki. Suma ya yi. Likitar ta ruɗe, ta kwantar da kujerar, ta ɗaga ƙafafunsa tana kiran nas. Da ya farfaɗo abin da ya fara yi shi ne kai hannu ya shafa gaban wandonsa. A bushe yake. Ni kaɗai na ga wannan.

Ta ce ba za ta ƙara taɓa shi ranar ba. Ta rubuta magunguna, ta ba mu takarda ta ce lallai mu kai shi babban asibiti a birni cikin kwana uku a ciro saiwar. Sau biyu ta faɗa, ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawari. Hakkinta ne in rubuta wannan, ta yi iya abin da aka ba ta dama ta sani.

A kan babur ya ce mini, ta cikin audugar da ke bakinsa, "Ka ga ai an cire. Shi ke nan."

"Saura saiwa, Yaya."

"Za ta fito da kanta."

Mako na huɗu a gona ya yi shi. Tun asuba zai fice, sai magariba, don kada in same shi a gida da maganar takarda. Maganin zafin da aka rubuta masa, wanda na ga wasu suna sha ɗaya su yi barci, shi ko sa'a biyu ba ya riƙe shi. Ya shanye na kwana biyar a kwana biyu ya koma kemis. Maganin kashe ƙwayar cuta kuwa ya sha na kwana biyu ya ajiye, wai yana tayar masa da zuciya. Na je na kai ƙara wurin Inna. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai ta aika aka kira mata "babban". Ya zo ya durƙusa, ya rufe kuncin da rawani. Ta ce ya jikin. Ya ce da sauƙi. Ta juyo ta ce mini, "To ka ji. Kai dai ka cika azarɓaɓi."

Na yi fushi na daina magana. Kwana shida ban taka gidansa ba, ina ganinsa daga nesa a tsakiyar tumatir yana jan tiyo. Wannan fushin ma ina lissafa shi cikin abin da na yi.

Ranar Laraba da sassafe Talatu ta shigo gidana ko sallama ba ta gama ba. Da ni da ita kullum cikin tsokana muke, irin ta matar wa da ƙanin miji, amma ranar ko mayafinta a karkace yake.

"Nasiru, zo ka ga yayanka. Yawu ma ba ya iya haɗiyewa."

Na same shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi, ya miƙa wuya gaba. Kumburin ya bar kunci ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar ɗanyen kabewa. Bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa ɗaya. Yawu yana zuba a kan rigarsa, muryarsa ta koma kamar ta mai magana da tuwo a baki. Wannan karon bai yi gardama ba. Muka sami mota, muka bi ta Kumbotso muka shiga birni, shi a gaba ya jingina goshi da hannu, don in ya kwanta numfashi ba ya fita.

A babban asibitin mun yi tsayuwa. Daga wannan taga a tura ka waccan, mai yankan kati ya tafi karin kumallo, mutum yana shaƙewa a benci ana tambayar ka lambar waya. Na ɗaga murya, wani mai gadi ya ce in ba zan yi haƙuri ba in fita. Allah ya kawo wata nas dattijuwa, ta kalle shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ba na layi ba ne," ta jawo keken marasa lafiya da hannunta. Ban san sunanta ba, Allah ya saka mata da alheri. Maganar abin da aka kashe ba zan yi ba. Tumatir ya ruɓe a gona, abin da za a sayar an sayar.

Likitan da ya karɓe shi babban mutum ne mai furfura, Bakano. Aka sa wa Yaya ƙarin ruwa da allurai, sannan likitan ya ja ni baranda ya ce in ba shi labari tun daga farko, kada in tsallake komai. Na ba shi. Da na zo kan gumi da awon jini da suma, sai ya tsayar da ni.

"An taɓa cire masa haƙori da wahala?"

Na ba shi labarin wanzami. Karo na farko ke nan da na ba da labarin babu wanda ya yi dariya.

Ya ce, "Malam Nasiru, tsoro ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba, jiki yake shiga. Jikin mutum bai san magani za a yi masa ba. Zuciya ta hau gudu, jini ya hau, gumi ya karyo, jijiyoyi su miƙe suna jiran zafi. Abin da wani zai ji kaɗan, shi ninki zai ji. Ga shi wurin ya riga ya tara ruwa, allura kuma ba ta kama irin wannan wuri sosai. Irin yayanka allura ɗaya ba ta isar sa. Akan zauna da shi a yi magana, a ba shi abin da zai kwantar masa da hankali, a ƙara allura, a jira. Bayan an gama ma maganin zafinsa ba irin na kowa ba ne. Duk muna da su. Amma sai an gaya mana."

Na ce, "Ta tambaye shi. Ya ce da sauƙi."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Bai tambaye ni inda nake a lokacin ba.

Aka ce da la'asar za a shiga da shi tiyata, a tsaga ƙarƙashin haɓar a fitar da ruwan, a sa masa roba a wuya don numfashi. Kafin nan ni ne a gefensa. Ina goge masa yawu da tsumma, ina jiƙa auduga ina shafa masa a leɓe, ina riƙe shi a zaune don kada ya zame. Talatu tana waje da kwanon kunun da ba wanda zai sha. Da masu turo gado suka bayyana a ƙofar ɗakin, na ji ƙafarsa ta fara wannan rawar. Ya kamo wuyan rigata ya jawo ni har kunnena ya taɓa bakinsa. Da ƙyar na gane abin da yake cewa.

"Nasiru. Tsoro nake ji."

Shekara arba'in ya ɗauka kafin ya faɗi wannan, kuma ni ya zaɓa ya gaya wa. Ga abin da na ce masa, ba zan gyara ba:

"Haba Yaya, kai? Babu komai."

Ya saki rigata. Suka tura shi.

An yi aikin, ya fito da rai. Kwana biyu yana kwance a ɗakin da ba a barin kowa ya daɗe, da roba a wuya, ba magana. Likita ya ce cutar ta riga ta shiga jini, kuma ƙwayoyin da ya yi ta sha sun gajiyar da ƙodarsa. Sau biyu a rana ake ba ni minti kaɗan. Na shirya abin da zan ce masa, cewa na ji, cewa ni ma da ni ne da tsoron zan ji. Duk shigata idonsa a rufe. Na faɗa dai, ban san ko ya ji ba. Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Mun kai shi bayan an sauko daga masallaci. Jama'a ta taru har daga Bunkure da Kadawa, kowa yana ba da labarin jarumtarsa, ranar da ya nutse a ƙofar ruwa, ranar fartanya. Kawu Isa yana ta faɗa wa mutane cewa da ma shi ya ce kada a je asibiti, cire haƙori ba ya barin mutum lafiya. Inna ta yi kuka, Talatu ta yi har ta shiɗe. Ni ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, ina jiran abin ya zo mini, bai zo ba. Ranar sadakar uku da yamma na tafi na ba gonarsa ruwa, don ranarmu ce. Har yau haka nake. Ina ci, ina salla, ina zuwa kasuwa. Wani lokaci ina danna harshe a kan dasashina in ji ko ina ji. Allurar da ta ƙi kama shi kamar ni ta kama, kuma ba ta sake ni ba.

Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. Idan ka kai naka wurin likitan haƙori ka ga yana gumi babu zazzaɓi, yana zaga bayi, awon jininsa yana hawa a asibiti yana sauka a gida, kada ka zagi abin awo. Shiga kafin shi ka gaya wa likita mutumin nan tsoro yake ji, ko da zai yi wata bai yi maka magana ba. Idan yana kan kujera kada ka saurari bakinsa, kalli ƙafarsa. Kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa kuwa ba a kwana da shi. Kuma labarin da ake yi a gidanku ana dariya, wata rana ka dubi fuskar wanda ake yi a kansa.

Makon jiya ina bakin kanal ina wanke ƙafa, wata motar kaya ta tsaya. Wani dillalin tumatir ne da ke sayen kayan Yaya duk shekara, ya yi wata biyar a kudu bai dawo ba sai yanzu. Rabonsa da mu tun lokacin da kuncin ya fara tasawa. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Nasiru! Ya jikin Haladu? Haƙorin nan ya bar shi kuwa?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Da sauƙi."

"To madalla. A gaishe shi."

Na ce, "Zai ji."

Ya ja motarsa ya tafi, ni kuma na ƙarasa wanke ɗaya ƙafar.